Kwana Uku a Ƙasar Maska da Baƙi Uku

Da hantsi muka bar Zariya ranar wata Alhamis cikin kaka, mu shida a motar kamfani. Akwai manaja, Ba'indiye ne. Akwai injiniya ɗan ƙasar Sin, wanda aka ɗauko don ya kafa injin busar da masara. Akwai wata baturiya 'yar Holan, masaniyar iri da ƙasar noma. Sai malamin gona, mutumin Bakori, da direba, da ni da aka ɗauka tafinta. Kamfanin na sayen hatsi ne, yana kuma son ya ba manoman kudancin Katsina iri da taki bashi, su biya da amfanin gona idan kaka ta yi.

Muka wuce Samaru da Shika da Giwa. An riga an karya masara, dawa ta sunkuyar da kai, auduga ta fara fashewa fari fat. Cikin motar kuwa kowa na magana da Turancinsa, kuma Turancin kala huɗu ne. Tun a nan na lura malamin gona ba ya cewa komai sai "Yes sa", alhali duk cikinmu babu wanda ya kai shi sanin ƙasar da muka nufa.

Funtua ba baƙuwar aiki da baƙi ba ce. Auduga ce ta raya ta, da layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa ta har Ƙauran Namoda a 1929. Turawan BCGA sun kafa injin gurzar auduga a nan, har yau mutanen gari na kiran wurin Bisije. Masaƙar Funtua da aka kafa a 1978, da jarin Sinawan Hong Kong aka tashe ta, dangin masaƙar UNTL ta Kaduna. Akwai dattawa a garin da suka yi ƙuruciyarsu suna karɓar umarni daga bakin mutumin da ba su taɓa jin harshensa ba. Duk da wannan daɗewar, saɓanin da na gani ranar Juma'a kamar jiya aka fara haɗuwa.

A sito ake haɗa injin. Injiniyan mutum ne mai ƙwazo, tun asuba yake tsaye, kuma an ba shi wa'adin da in ya wuce za a yanke masa kuɗi. Wajen ƙarfe goma sha biyu da rabi ya ga leburori na wanke hannu ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya gaya masa yau Juma'a ce, domin a wurinmu abu ne da ba ya bukatar faɗa. Shi kuma a ganinsa an watse masa ne ana tsakiyar ɗaga ƙarfe mai nauyi. Ya ɗaga murya kan babban bakanike, dattijo mai furfura, a gaban yaransa uku. Dattijon ya sunkuyar da kai, bai ce uffan ba. Injiniyan ya juyo gare ni ya ce, ga shi ko kallonsa ba ya yi, ya raina shi. Na ce masa a nan sunkuyar da kai girmamawa ce, wanda ya ƙura maka ido kana faɗa shi ne ya shirya rigima.

Bayan an sauko daga masallaci dattijon bai dawo ba. Yaransa ma haka. Muka same shi a gida da la'asar. "Malam," ya ce da ni, "ba kuɗin ba ne. Yaran nan iyayensu suka damƙa mini su. Gobe da wane baki zan tsawata musu?" Da na fassara wa injiniyan, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya ce su ma a Sin suna da wannan, zubar wa mutum da fuska a gaban na ƙasa da shi babban abu ne, kuma da a gida ne ba zai yi wa sa'an mahaifinsa haka ba. Abin da ya faɗa ɗin nan ya daɗe yana yi mini yawo a rai. Ashe ya san mutunci sarai. Bai dai ɗauka yana aiki a nan ba, tunda ya zo a matsayin mai koyarwa. Washegari da safe ya miƙa wa dattijon shayi da hannu biyu a gaban yaran, aka ci gaba da aiki.

Ranar Asabar muka nufi Maska, kudu da Funtua. Tsohon gari ne, ya girmi Funtua nesa ba kusa ba, ya yi suna a saƙa da rini tun kafin zuwan Turawa, kuma har yau hakimin da ke zaune a Funtua Sarkin Maska ake ce masa. Ƙasar nan ce ake kira Katsina Laka, mai nauyi, mai riƙe ruwa. Direba ya ja mana kunne mu gama da wuri, saboda halin da ake ciki na tsaro ba a son dare ya riski mutum a hanya.

A wata unguwa ta wajen gari aka tara mana manoma a gindin bishiya. Muka fara gaisuwa. Ina gajiya, ina gida, yaya kaka, yaya aka ji da baƙin hanya. Manaja yana ta duban agogo. Ya raɗa mini cewa in taƙaita. Ban taƙaita ba, domin a cikin gaisuwar nan ake auna mutum, a gane ko wanda za a iya yin bashi da shi ne.

Baturiyar ta yi bayani mai kyau, kuma da zuciya ɗaya ta yi shi. Ta ce sharaɗin kamfani shi ne a shuka masara zalla a layi, ba dawa, ba wake a tsakani, a kuma zuba taki a ranakun da aka rubuta. Ta tambaya ko sun yarda. Aka amsa baki ɗaya, "To, Madam. Allah ya kai mu." Ta rubuta a littafinta cewa an amince, tana murmushi.

Nan aiki ya yi mini nauyi. Idan kalma aka ɗauke ni in fassara, na gama. Amma duk Bahaushen da ke wurin ya san wace "to" ce aka yi. Akwai "to" ta yarda, akwai ta "mun ji", akwai ta "ba za mu kunyata baƙo a bainar jama'a ba". Ta ukun ce. Na dubi malamin gona, ya kawar da kai.

Wani tsoho ne ya cece ni. Bayan an tashi ya kira ni gefe, ya ce in gaya wa baƙuwar ta zo ta ga gonarsa. Muka bi shi. Dawa ce da wake a ƙarƙashinta, ga kututturen masarar da aka riga aka cire. Ya ce, "Ɗana, gaya mata ba yau muka fara jin wannan karatu ba." Yana saurayi aka kawo aikin gona na Bankin Duniya. Gaskiya ya faɗa: a tsakiyar shekarun 1970 Bankin ya buɗe shirye-shirye uku a Arewa, Funtua da Gusau da Gombe, kuma na Funtua ya haɗa har da Malumfashi da Bakori da Ƙanƙara da Faskari. Tsohon bai rage wa shirin komai ba. Ya ce shi ya kawo hanyoyin karkara, da taki mai araha, shi ya mai da masara daga abin gasawa a bayan gida zuwa abin cika rumbu da buhu. "Amma su ma zalla suka ce. Muka ce to, muka karɓi takin, muka yi yadda muka sani. Idan masara ta ƙi, me zan ba iyali? Takarda?"

Baturiyar ta tsuguna ta tona gindin wake, ta daɗe tana duba saiwar. Ta ce ai ta san wake na ƙara wa ƙasa ƙarfi, ta kuma karanta binciken David Norman, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, ya nuna cewa haɗa amfani a gona ɗaya lissafi ne mai kyau, yana rage asara, kuma jinkirin shukar auduga da ake zargin manoma da shi dalilinsa shi ne suna fara tsare abinci. Abin da ya ɗaure mata kai, in ji ta, shi ne me ya hana a faɗa mata haka a taro. A ƙasarsu wanda bai yarda ba yakan faɗa a take, ko gaban wa, kuma ba a ɗaukarsa rashin kunya. Na fassara. Tsohon ya ce, "A gaban mai unguwa? Kina baƙuwarsa?"

Ta Malumfashi muka biyo ranar Lahadi, garin Galadiman Katsina, don mu kai baturiyar filin jirgin Kano ta hanyar Dayi da Gwarzo. Muna tsaye shan mai na tsare malamin gona. Na ce, "Malam, kai ka san komai, me ya sa ka yi shiru?" Ya ce shekararsa ta farko a aiki ya taɓa gyara wa wani shugaba magana a taro, bai ji da daɗi ba. Tun daga nan ya koyi cewa wanda ake biya da dala shi ke da gaskiya. Ya ce ko rahoton da shi ya tattara, sai baƙo ya sa hannu ake karantawa.

Wannan ma tsohon ciwo ne. Lokacin da aka so faɗaɗa shirin Funtua ya game tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa, wanda ya hau mulki a 1979, ya ƙi sharuɗɗan Bankin Duniya, kuma babban abin da ya tsaya a kai shi ne damƙa manyan muƙaman shirin ga ƙwararrun waje masu albashi da kuɗin waje. Ko mutum na ganin ya yi daidai ko ya tsaurara, tambayar da ya ɗaga tana nan: wa ake saurara a cikin tawagar? Muddin ɗan gida ya san maganarsa ba ta da nauyi, zai ɓuya a bayan ladabi, baƙo kuma ya koma da littafi cike da "an amince".

Sai dai ban wanke mu duka ba. Kunya da kara ado ne a zaure, amma idan an zo maganar bashi da sa hannu, "to" da ba ta kai zuci ba tana iya jefa manomi cikin rigimar da zai sayar da akuyarsa ya biya, ta kuma sa baƙon kirki ya tafi yana cewa ba mu da alƙawari. Leburorin nan ma da ɗayansu ya ce wa injiniya tun da safe yau akwai masallaci, da ba a kai ga zubar wa dattijo da girma ba.

Tsakanin Dayi da Gwarzo baturiyar ta buɗe littafinta ta soke abin da ta rubuta a Maska. Ta miƙa wa malamin gona biro, ta ce ya tsara yadda shi yake ganin manoma za su karɓa. Ya dubi manaja. Manaja ya yi jim, sannan ya gyaɗa kai. Har muka shiga Kano yana rubutu a kan gwiwarsa.

Ina roƙon 'yan uwana tafintoci da malaman gona da ke rakiyar irin waɗannan baƙi: idan kun ji an yi "to" ta kara, ku ja baƙon gefe ku gaya masa gaskiya tun kafin a sauke buhun taki na farko.