Amsa-kuwwa a cikin tanki

Na'urar da ke auna ruwan tankinmu ba ta taɓa ruwan. Daga murfi take aika sautin da kunne ba ya ji, ta ƙirga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo.

Da azahar takan nuna ruwa ya ƙaru, alhali ba a kunna famfo ba. Na daɗe ina juya wannan a raina. An tsara ta a kan gudun mita 343 a daƙiƙa, gudun sauti ke nan a iska mai digiri 20. Baƙin tankin da ya sha ranar Afrilu kuwa, iskar cikinsa takan kai digiri 40, gudun ya zama 355. Sautin ya dawo da wuri, ita kuma ta ɗauka ruwan ne ya matso. A tazarar mita biyu, kuskuren ya kusa santimita 7.

Raɓar asuba a fuskarta ma takan rikita ta. Amma zafin ya fi damuna, domin a watan da kowane bokiti ke da daraja take nuna mana ruwan da babu. Na sa mata ma'aunin zafi ƙarƙashin murfin, yanzu da shi take lissafi.