Kauri, Cika da Zaren Awo

Idan aka ce mace tana da gashi, maganar tana iya nufin abu uku dabam. Akwai tsawo, wanda ido ke fara kamawa. Akwai kauri, wato girman sili ɗaya. Akwai kuma cika, wato yawan silin da suka tsiro a fatar kai. Mai koyon Hausa ya kula da wannan bambanci, domin mai gashi siriri tana iya kasancewa da cikar suma, mai kaurin sili kuwa a tsefe mata kai a tarar da shi shara-shara.

Na tashi a Akwatialine, cikin Zangon Kumasi, a gidan da goggona ke kitso a tsakar gida tun daga hantsi har la'asar. Ma'auninta hannunta ne. Bayan tsifa takan tattara gashin duka a ƙeya, ta zagaye shi da babban yatsa da manuni, daga nan ta san ko shuku zai zauna, ta kuma san kuɗin da za ta yanka. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Hausawa dama da jiki suka saba awo, da taƙi da kamu da gaba, tun kafin tef ɗin tela ya shigo kasuwa.

Abin da take yi da yatsu shi ne wasu ke yi yau da tef. A ɗaure gashi wuri ɗaya, irin ɗaurin da Turawa ke kamanta shi da jelar doki, a zagaya gindin ɗaurin da zare, sannan a shimfiɗa zaren a kan tef. A ƙa'idar da ta yaɗu tsakanin masu kula da gashi, ƙasa da santimita 5 gashi ne mara cika, daga 5 zuwa 10 matsakaici, abin da ya haura 10 kuwa cikakke. Awon yana haɗa kauri da cika a lamba ɗaya, ba ya raba su. Gashinmu kuma mai murɗewa ne, yana kumbura yana tsukewa, saboda haka sai an wanke, an bushe, an taje, an kuma ja zaren da ƙarfi iri ɗaya kowane lokaci kafin lambar ta yi amfani.

Amfaninsa na gaskiya shi ne kwatanta kai ɗaya da kansa a tsawon watanni. Kan mutum yana ɗauke da sili kimanin 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne, don haka abin da ke maƙalewa a mataji ba ya isa shaida. Zare ya fi shi faɗin gaskiya, kuma lissafinsa yana da ban tsoro. Yawan gashin da ke cikin ɗauri yana tafiya ne da zagayen idan aka ninka shi da kansa. Zagayen da ya sauko daga santimita 10 zuwa 8 ya bar 64 cikin 100, ma'ana fiye da kashi ɗaya bisa uku ya tafi.

Ƙanwata ta ga irin wannan raguwa wata uku bayan haihuwarta ta fari. Goggo ta kama kan, ta ce, "'Yata, wannan na jego ne, zai dawo. Amma na gefen goshi, kitso ne ya ci shi." Ta hana ta ƙananan kitso masu ja, ta sa ta shafa man kaɗanya, wanda Asantawa ke kira nkuto. Zubar jego takan tsaya da kanta cikin watanni. Wadda jan kitso ke haddasawa kuwa, idan ta daɗe, tushen gashin yakan mutu, wurin ya zama sanƙo na dindindin.

Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya a wata, don haka awo sau ɗaya cikin wata uku ya wadatar. A rubuta lambar da kwanan wata. Idan ta ci gaba da sauka ba tare da jego ko rashin lafiya ba, a je asibiti a duba jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana cikin abubuwan da ke zubar da gashi.