Ɗakin Ƙarƙashin Ƙasa

A cikin tarkacen da Yaya ya bari a ɗakinsa na tsinci faifan, ba kwali, an rubuta sunansa da biro: Night of the Living Dead. Na saka shi a na'urar DVD wani dare da ruwan sama ya hana fita, ina zaton abin dariya zan gani, domin fim ne na 1968, baƙi da fari, kuma gawarwakin cikinsa tafiyar hawainiya suke yi. Kafin a yi nisa na daina murmushi.

George Romero ya shirya shi da abokansa a wajen birnin Pittsburgh na Amurka, da kuɗi kusan dala 114,000. Da masu rarraba fim ɗin suka sauya masa suna, sai suka manta da alamar haƙƙin mallaka, ya zama na kowa. Wannan sakacin ya ci Romero, amma shi ya sa kowa ke iya kwafarsa, har ya iso ɗakin Yaya.

Labarin ba shi da tsawo. Matattu sun tashi suna cin naman masu rai, mutum bakwai sun fake a wani gidan gona. Abin da ya riƙe ni shi ne gardamar mutum biyu a cikin gidan. Ben, baƙar fata, wanda Duane Jones ya fito a matsayinsa, ya ce a toshe ƙofofi da tagogi da katako, a zauna a sama inda akwai hanyar gudu. Harry Cooper ya ce a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai ƙofa ɗaya, a garƙame. Cooper matsoraci ne, mai son kai, bakinsa ba daɗi. Tun daga farko na bi bayan Ben, kamar yadda kusan kowane mai kallo zai yi.

Sai shirin Ben na zuwa ɗebo mai ya ƙare da gobara, saurayi da budurwa suka ƙone a mota. Katakon ya kasa. Da gawarwakin suka cika gidan, Ben ya tsira ne ta hanyar gudu zuwa ɗakin nan da ya raina, ya sa sakata, ya kwana lafiya.

A sinima da wannan ya wuce ni. A gida kuwa rimot na hannuna. Na tariyo baya zuwa gardamar, na sake sauraron Cooper, wannan karon ban kula da fuskarsa ba. Maganarsa na kan hanya. Muryarsa ce ta sa ba wanda ya ji shi, ni ma har da ni.

Nan na tuna mai faifan. Wata biyu ke nan ba mu yi magana da Yaya ba. Shi ya dage a ɗauko Inna daga ƙauye tun kafin damina, saboda hanyar ta fara lalacewa da masu bindiga. Na ce a bar ta cikin danginta. Ya ce mini digiri ba hankali ba ne, a gaban ƙannena. Daga baya da gudu aka ɗauko ta, ko kayan ɗakinta ba ta kwashe ba. Na riƙe zagin, na ƙi tuna wanda ya yi gaskiya.

Ƙarshen fim ɗin ba ya rarrashi. Gari ya waye, Ben ya ji haushin karnuka da ƙarar bindiga, ya hau ya leƙa ta taga. Fararen fata masu farautar gawarwaki suka hango motsi, ba wanda ya ɗaga murya ya tambaya, aka harbe shi a goshi. Sauran hotuna ne tsayayyu masu dishi-dishi: an ja gawarsa da ƙugiya zuwa inda za a ƙone ta. A watan Afrilu na shekarar da fim ɗin ya fito aka kashe Martin Luther King. Romero ya sha faɗin cewa ya ɗauki Jones ne don ya fi kowa iyawa a gwaji, kuma na yarda da shi, sai dai hotunan sun faɗi fiye da abin da ya nufa.

Na tsayar da faifan a kan hoton ƙarshe. Ruwan ya tsagaita, sha ɗaya ta wuce. Na ɗauki waya, ta yi ƙara sau huɗu kafin ya amsa.

"Yaya, barka da dare," na ce. "Wani faifanka na nan wurina."