Zuwa 'Yankwashi Ganin Motar Jikan Maƙeri

Ƙanwata da ke aure a wani ƙauye na ƙaramar hukumar 'Yankwashi ce ta aiko mini cewa in zo in yi wa ɗanta faɗa. Yaron mai walda ne, yana da 'yar rumfarsa, kuma a cewarta duk abin da ya samu a ƙofofi da tagogi yana ƙarewa ne a kan wata mota da yake haɗawa a ƙofar gida. Shi kuwa da ya ji ina tafe sai ya bugo waya: "Kawu, don Allah in za ka taho ka biya Ƙofar Ruwa ka sayo mini mastar birki ta Fijo, da bututunta."

Na biya. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano wuri ne da mai aikin ƙarfe ba ya fita hannu rabbana: rodi da bututu da falankin ƙarfe a wani ɓangare, injuna da giyabos da ƙyauren motoci jibge a wani. Tun 1975 kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna, ƙirar 504 ta cika hanyoyin Arewa shekara da shekaru, shi ya sa har yau ba a rasa kayanta a hannun 'yan kasuwa, kuma da wuya ka sami tsohon bakaniken da bai san cikinta ba. Na sayi mastar da bututun, mai shagon ya naɗe mini su a kwali, na nemi motar Kazaure.

Lokacin kaka ne, an gama yankan gero, iskar hunturu ta fara kaɗawa. Daga Kano zuwa Ɗambatta gonaki ne shimfiɗe, sai an doshi Kazaure ƙasa ke ɗan tashi, tuddai da duwatsu su bayyana. A wasu wuraren ana hango aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021, da zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina. Kazaure kanta tsohuwar masarauta ce, Ɗan Tunku ya kafa ta tun farkon ƙarni na 19, kuma ƙananan hukumomin Roni da Gwiwa da 'Yankwashi duk a ƙarƙashinta suke. Ban daɗe a garin ba. Na yi azahar, na sami motar da za ta ƙasar 'Yankwashi, inda kwalta ta ƙare kuma na hau babur.

A kan babur ɗin nan na fara gane abin da yaron ke nufi da motarsa, tun kafin in gan ta. Yashi ne zalla. Ɗan acaɓan yana tafe yana dafa ƙasa da ƙafa, muka wuce wata ƙaramar mota ta kafe har gindi, fasinjoji sun sauko suna turi. Motar da aka ƙera don titin Turai, mai ƙasa-ƙasa da nauyin jiki, ba ta da ta cewa a irin wannan hanya. Amalanken shanu kuwa sai wucewa suke da damman gero, hankali kwance.

Bayan gaisuwa da ruwa da fura, yaron ya ja ni waje. Motar tana ƙarƙashin dalbejiya, an lulluɓe ta da tsohon tamfol. Da ya yaye, na daɗe ban ce komai ba. Kujera biyu ce, ba rufi, hanci dogo, baya gajere, tayoyin a waje ba abin da ya rufe su. Injin da giyabos da ƙafar baya duk na wata tsohuwar akori-kura 504 ne da ya saya hannun 'yan gwangwan bayan jikinta ya ruɓe. Saura kuwa, daga casis har bodi, hannunsa ne ya yi.

Na ce ya nuna mini yadda ya yi, ya kuwa nuna, ɗaya bayan ɗaya. Casis ɗin da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu ya haɗa shi. Ba shi da teburin awo, don haka ya share ƙasa ya dasa turaku, ya ɗauko tiyo mai ruwa irin wanda magina ke daidaita gini da shi, ya tabbatar kusurwoyin huɗu tsayinsu ɗaya. Sannan ya ja zare daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, ya sake ja ta ɗaya gicciyen. In tsawon zaren biyu ya zo daidai, casis bai karkace ba. Ya ce walda tana jan ƙarfe idan ta huce, saboda haka ba ya zuba ta a layi ɗaya. Sai ya ɗiga nan, ya koma can gefe ya ɗiga, ya sake aunawa, kafin ya cike.

Lanƙwasa bututu shi ne ya fi burge ni. In ka lanƙwasa bututu haka kawai, tsukewa yake yi a gwiwar ya lalace. Shi kuwa sai ya cika shi da busasshen yashi, ya toshe bakunan, ya gasa wurin a garwashi har ya yi ja, ya naɗe shi a jikin tsohon wilin mota a hankali. Yashin ne ke riƙe cikin. Ya ja kunnena cewa dole yashin ya bushe ƙarau, don in da danshi, tururi na iya fasa toshiyar ya ji wa mutum ciwo. Bodin kuma da kwali ya fara yanka shi, ya gwada a jikin casis, sai da siffar ta yi masa sannan ya ɗora kwalin a kan falankin ƙarfe ya zana. Inda ake son ƙarfe ya yi tulluwa, kamar hancin motar, wani kututturen itace ya fafe ya yi masa rami, yana ɗora falankin a kai yana bugu da guduma daga tsakiya zuwa baki. Wurin haɗa siraran falankan ba ya sa waldar lantarki, don takan huda su. Waldar kabaid yake yi, irin ta masu gyaran jikin mota.

Duk wannan bayani, kakansa na wajen uba yana zaune a bakin maƙerarsa, taku kaɗan daga wurin, yana saurare. Tsoho ne da ya shafe rayuwarsa yana ƙera fartanya da garma da lauje da gatari. Na ƙarasa na durƙusa.

"Baba, sannu da aiki. Ya kake ganin abin da jikanka ya ɗauko?"

"Malam, ƙira dai ƙira ce. Ni da zugazugi, shi da lantarki. Abu ɗaya na hana shi, kuma ya ji."

Ashe yaron ya so ya yanke sandar sitiyari da ta yi masa tsawo ya sake haɗa ta da walda. Tsohon ya ce a'a. Ya ɗauko wani guntun sifirin na mota, irin wanda maƙera ke yin wuƙa da gatari da shi, ya gasa ya tsoma a ruwa, ya ɗora a uwar maƙera ya buga da masaɓa, ƙarfen ya ɓalle gida biyu. Abin da ya nuna masa shi ne ƙarfen da aka riga aka ba wa ruwa a masana'anta, in wuta ta sake taɓa shi, halinsa ya sauya: ko ya yi laushi, ko ya yi gautsi, kuma ido ba ya gani. Fartanya in ta karye a gona, a koma gida a gyara. Sitiyari in ya karye ana gudu, sai abin da Allah ya yi. Yaron ya haƙura ya gyara mazaunin sitiyarin ya dace da sandar yadda take. Wannan ilimi ne da ake koyarwa a ajin injiniya da sunaye masu wuya, ga shi a hannun dattijon da bai taɓa shiga ajin ba.

A wayarsa yaron ya fara ganin irin waɗannan motoci, a YouTube. Asalinsu Amurka ne. A shekarun 1930 samarin Kalifoniya, waɗanda ba su da kuɗin sabuwar mota, sukan sayi tsofaffin Ford, su cire duk abin da ke ƙara nauyi, su dasa injin mai silinda takwas da kamfanin ya fito da shi a 1932, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. A 1948 aka fara buga musu mujalla mai suna Hot Rod. Amma abin da na fi so yaron ya sani shi ne abin da ya biyo baya. An yi ta haɗurra a kan tituna, jama'a suka tsane su, har a 1951 Wally Parks ya kafa ƙungiyar NHRA don a kwashe tseren daga titi a kai shi fili na musamman, a kuma duba kowace mota kafin a bar ta ta shiga. Ƙungiya da dubawar masana ne suka mayar da wasan samari sana'ar da ke ci da dubban mutane.

Mu ma ba mu rasa masu irin wannan zuciya ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fiziks a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu a gidansu a Kano, da injin Honda Civic da kujerun tsohuwar Toyota. Bai wuce ƙafa 7 daga ƙasa ba, amma ya tashi, kuma duniya ta ji labari. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya kai ga zayyana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar ƙasa mai kula da zayyana da bunƙasa ƙirar motoci. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya mayar da ƙananan bas suka koma masu aiki da lantarki. Kasuwar Panteka ta Kaduna cike take da masu ƙera injuna da hannu. Abin da ke damuna shi ne yawancin irin yaron nan su kaɗai suke aikinsu, ba mai duba musu lissafi, ba mai gwada musu ƙarfin walda. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a nan Kazaure, kusa da su. Da za a sami rana guda a shekara da masu walda da makanikan Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Ɓaɓura za su kawo abin da suka ƙera, malamai su auna, su ce wannan ya yi wannan a sake, da kowa ya ƙaru, har su malaman.

Washegari yaron ya ɗaura mastar. Muka yi ta fitar da iska daga birkin, ni ina taka feda, shi yana kwance a ƙasa yana buɗe noti yana rufewa, har fedar ta yi tauri. Ya tsiyaya ɗan fetur a kafireto, ƙannensa suka tura, injin ya yi tari ya kama. Salansar gajeriya ce, ƙararta ta fito da rabin ƙauyen. Muka nufi wata gona da aka girbe, na sa aka mayar da yara bayan shinge. Ya rage iskar tayoyin baya, ya shiga yashi irin wanda na ga ya kafe mota jiya, motarsa ta ratsa ba ko tangarɗa, saboda ba ta da nauyi. Sai dai da ya taka birki ta ja hagu, kuma ba a jima ba lagireto ya fara tafasa, don hancin da ya ƙera ya matse hanyar iska. Ya sauko ransa a ɓace. Na ce masa ai don a ga irin wannan ake gwaji, gara a gona da a kan hanya.

Da dare na zauna da ƙanwata. Na ce mata faɗan da ta kira ni in yi ba zan yi shi yadda take so ba, domin yaron ba ɓarna yake yi ba, kuma hannun da ya iya wannan ba zai rasa abinci ba in Allah ya yarda. Amma na kira shi a gabanta na gindaya masa sharuɗɗa. Ba zai ɗauki kowa a motar ba, ba zai hau kwalta da ita ba, sai ƙwararren bakanike ya duba birki da sitiyari, kuma ya je ofishin masu duba lafiyar motoci ya ji yadda ake rajistar motar da ba ta zo da lambar casis daga kamfani ba. Tankin man da ya ɗora dab da bayan kujera ya matsar da shi, ya sa garkuwar ƙarfe a tsakani. Ya daina walda da baƙin tabarau na 'yan gayu, ya sayi garkuwar fuska ta gaske, don na ga yadda idanunsa suka yi ja. Kuɗin cefanen gida kuma a fara fitar da shi kafin na ƙarfe.

"Na ji, Kawu. In sha Allahu."

Da safe ina shirin tafiya wani manomi daga wajen Gwiwa ya iso da kurkurarsa, wadda akwatinta ya tsage saboda lodin buhunan riɗi. Labarin motar ne ya kawo shi. Suka yi ciniki a kan sabon akwati mai ƙarfafan haƙarƙari, ya ba da rabin kuɗi. Yaron ya ware na mahaifiyarsa, ya miƙo mini sauran, da wata takarda da ya rubuta awon lagireton da yake so in nemo masa a Kano, mai layi uku, da fanka ta lantarki.