Daren da Yaro Ke Zama Alƙali

Ku matso kusa, maganar nan tamu ce. Malam, kai ne babba a majalisar nan, in na karkace ka gyara mini.

Kun san da azumi ya cika kwana goma, an sha ruwa, an sauko daga asham, to unguwa ta zama ta yara. Tashe ke nan. Wani zai manna auduga a haɓa, ya saka tsumma, ya duƙa a kan sanda yana kakkarwa, ya zama Tsoho da Gemu. Wani ya rataya layu da saiwoyi a wuya, ya zama Jatau Mai Magani, yana lissafa cututtukan da ko boka bai taɓa jin sunansu ba. 'Yan mata kuwa sai ɗaya ta zura babbar rigar babanta da hula, ta zama Daudu, ana yi wa amaryarsa Mairama huɗubar zaman aure a tsakar gidan mutane. Maigida na zaune yana jin ana kwaikwayon tsawarsa, ba shi da ta cewa sai dariya, ya kuma ba da hatsi ko 'yan kuɗi.

To nan ne gizo ke saƙar. Abin da babba ba zai iya faɗa wa maƙwabcinsa ido da ido ba, yaro ne ke faɗa masa da gemun auduga, kuma ba a fushi. Alhaji, kana murmushi, ai da kai nake.

Ga Bomo nan kusa da mu, ba sai an yi nisa ba. Bayan kaka, in amfanin gona ya shiga rumbu, samari kan yi kalankuwa. Su naɗa nasu gwamna, da alƙali, da 'yan sanda, da likita, kowa da kayan aikinsa. A kama mutum da laifin da aka ƙirƙira nan take, a gurfanar da shi, a ci shi tara, jama'a na shewa. Manoman da hukuma ke juyawa duk shekara, ranar nan su ne hukumar. Ba banza ba malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello suka riƙa tattaki daga Samaru zuwa can don nazarinta.

Kada ku ce mu kaɗai ne. A arewacin Italiya, kusa da Turin, akwai wani ƙaramin gari, Ivrea. Duk shekara kafin azumin Kirista suna yin kwana uku suna jifar juna da lemo. Ƙungiyoyi 9 masu tafiya a ƙasa su ne talakawa, waɗanda ke kan kekunan doki sanye da kwalkwali su ne dakarun azzalumin sarki. Asalin abin, a labarinsu, 'yar mai niƙa ce ta kashe wani azzalumin mai mulki, gari ya yi bore. Wanda ba ya son jifa sai ya saka jar hula. Ku lura, manyan gari ne ke tsara wannan, da kwamiti da ƙa'ida, shi ya sa har yau yana nan, baƙi na tururuwa.

Mu fa? Ku zaga Sabon Gari da daddare cikin goman tsakiya. Yara ne ke bin shaguna da gwangwani, ba shiga, ba wasa, sai miƙa hannu. A Kano, garin Nalako sarkin gwauraye, har ta kai 'yan sanda na dakatar da tashe a 'yan shekarun nan saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya. Muna ta cewa yaran zamani ne suka lalace. A'a, Yaya, mu ne muka janye hannu. Wa ya koya musu? Wa ke rako su?

Shawarata ita ce, azumin bana mu je wurin mai unguwa, mu tara yaran layinmu, Malam ya koya musu, biyu daga cikinmu su riƙa bin su a baya da tocila, ƙarfe goma kowa ya koma gida. Auduga da igiya a wuyana. Kai kuma da ka yi shiru a ƙarshen benci, ko ka yi aure kafin watan, ko da kai za a buɗe tashen gwauro.