Lasifikar da Ruwa Ya Ci

Kayan lantarki da ruwa ba su ga maciji da juna, wannan kowa ya sani. Amma sau da yawa ba ruwan ne ke kashe kaya ba, gaggawar mai shi ce. Da ya ga bayan abu ya bushe sai ya sa masa wuta don ya gani ko yana aiki, alhali kuwa cikinsa na jiƙe tukuna.

A kakar 2022 na sayi tsofaffin lasifikoki biyu wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Garin Zariya. Sun yi damina guda a ɗakin ajiya mai yoyo. Katakonsu ya kumbura, ragar gabansu ta yi tsatsa. Ya ce, "Malam, ban ce maka za su tashi ba. Ɗaya an riga an jarraba ta da jiƙonta, ɗayar kuwa ba wanda ya taɓa ta." Na biya kuɗin buhun masara guda. Da na iso gida Nasarawan Doya uwargida ta dube su, ta ce, "Maigida, waɗannan ƙyamaren taga ne ko me? Ga kuɗin makarantar yara a gabanmu." Tana da gaskiyarta. Buhun masara ba abin wasa ba ne a gidan malamin makaranta.

Sunansu Quad. Wani Bature, Peter Walker, shi ya ƙago su a garin Huntingdon na ƙasar Ingila. An fara sayar da su a 1957, aka yi ta ƙera su har 1985. Lasifikar da muka saba da ita, irin ta rediyo ko ta majami'a, maganaɗisu ne da naɗin waya ke girgiza wata takarda mai kamar mazurari. Waɗannan ba maganaɗisu a cikinsu ko kaɗan. Leda ce, wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba, aka miƙe ta tsakanin farantai biyu masu hudoji. Ana ɗora wa ledar lantarki mai ƙarfi, wajen bolt 6,000, sa'an nan farantan su riƙa janta gaba da baya bisa ga sautin da aka aiko. Kowane yaro a ajina ya san wannan ƙarfin, ko da bai san sunansa ba. In ka goga biro a gashinka da hunturu, sai ya ɗauki gutsuren takarda. To, shi ke nan. Saboda ledar ba ta da nauyi, murya takan fito garau, sai ka ce mai maganar yana zaune a gabanka.

Nan ne ruwa ke yin ɓarnarsa. Laima hanya ce ga lantarki. In ta kwanta a kan ledar sai ƙarfin ya zurare, sauti ya yi ƙasa. In kuwa aka matsa, aka ƙara murya, tartsatsi yakan tsallaka tsakanin farantan ya huda ledar.

Don haka mako shida ban kai su kusa da wuta ba. Na kwance bayansu, na jingina su a inuwar zaure inda iska ke ratsawa, ba a rana ba, gama rana takan lanƙwasa katako. Iskar hunturu ta yi mini aikin kyauta, sai dai ta zo da ƙurarta, ƙura kuwa ita ce maƙiyiya ta biyu, domin lantarkin ledar yana janta. Na lulluɓe su da tsohon zane mai tsabta. Na kankare tsatsa, na matse katakon da gam. Sashen da ke haifar da babban ƙarfin nan ban sa masa hannu ba, na mayar wa dattijon ya sāke ƙananan kayan da suka lalace. Mai karatu, in irin wannan ta faɗo hannunka, ka sani ƙarfin yakan zauna a ciki ko bayan an zare waya. A hana yara zuwa kusa in bayanta a buɗe yake.

Wadda ba a taɓa ba ta tashi lafiya lau. Ɗayar kuwa sai gunji kawai take bayarwa. Kowace tana da alluna uku, biyu na babbar murya a gefe, ɗaya na siririyar murya a tsakiya, kuma na tsakiyan nan ne ya ƙone ran da aka jarraba ta da jiƙo. Ledar da za a sāke masa sai an aiko daga waje, kuɗin kuma ya fi ƙarfina yanzu. Tana jingine a bayan gado.

Mai lafiyar ba ta da amon da zai cika majami'a, ba a kuwa yi ta don biki ba. Aikinta a ɗaki ne. Surukata, wadda jinta ya ragu, ta daɗe da daina sauraron karatun Littafi Mai Tsarki a wayar hannu, ta ce maganar tana cuɗewa. Yanzu ran da aka kawo wuta takan jawo kujerarta gaban lasifikar, ta ji sura guda ko biyu ba tare da ta ce a maimaita ba. Uwargida ce ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa, ita ce kuma ke ɗaga ta bisa benci in hadari ya haɗu.