Bikin Bitrus a Garin Masunta na Gloucester

Daga Boston jirgin ƙasa ya kai ni Gloucester cikin kusan awa guda, a ƙarshen watan Yuni, lokacin da garin ke bikin Manzo Bitrus, wanda 'yan Katolika ke ɗauka majiɓincin masunta, domin shi ma da kamun kifi yake ci kafin ya bi Almasihu. Garin tsohuwar tashar jiragen kamun kifi ce a jihar Massachusetts ta Amurka, tun 1623 Turawan Ingila suka sauka a wurin. Bikin kuwa na jikokin masuntan tsibirin Sisili ne da suka taso daga Italiya suka zauna a unguwar bakin ruwa. A 1927 wani mai jirgi daga cikinsu, Salvatore Favazza, ya sa aka kawo mutum-mutumin Bitrus, al'adar ta kafu. Abin da na gani ya tabbatar mini cewa har yau bikin na mutanen garin ne, baƙo ɗan kallo ne kawai.

Wanda ya tsaya a bakin rairayi da yamma zai musa mini, kuma yana da hujja. Can cikin ruwa an kafa dakali, an miƙa wani dogon gungume a kwance, an lafta masa maiƙo, an soke jar tuta a ƙarshensa. Samari, wasu cikin shigar ban dariya, suna bi ɗaya bayan ɗaya suna sulɓewa cikin teku, jama'a na shewa. Ga tseren kwale-kwale, ga kiɗa, ga shaye-shaye da dare, wanda ni dai bai burge ni ba. Sai dai wannan duk ɓawo ne. Kafin a buɗe biki, mata sun shafe kwana tara suna taruwa don addu'a. Ranar Lahadi maza ke saɓa mutum-mutumin a kafaɗa su zaga tituna suna kiran sunan Bitrus da harshen kakanninsu, sannan limaman coci su sa wa jirage albarka. Wanda yake son sanin dalilin wannan roƙo, ya taka zuwa dandalin tunawa da masunta da ke gaɓar teku, inda aka rubuta sunayen mutum fiye da 5,000 da suka fita su ba su dawo ba. Cikinsu akwai mutum shida na jirgin Andrea Gail da guguwa ta haɗiye a 1991.

Akwai suka mafi nauyi: sana'ar kanta na mutuwa, to me ake sa wa albarka? Gaskiya ne kifin kod, irin wanda ake busarwa a Norway a kawo kasuwannin Najeriya, ya yi ƙaranci a wannan teku. A 2012 gwamnatin Amurka ta ayyana harkar kamun kifin yankin a matsayin wadda bala'i ya afka wa, a 2013 aka zaftare kashi 77 cikin ɗari na kod ɗin da aka yarda a kama a mashigin tekun Maine. Jirage sun ragu, 'ya'yan masunta da yawa sun koma wasu ayyuka, wasu sun bar garin. Amma waɗannan ɗin ne ke cika tituna a makon biki, don shi ne lokacin da dangi ke komowa gida. Kuma 'yan jiragen da suka rage, haɗarin da ke jiransu a teku bai ragu da ko ƙwayar zarra ba.

Duk wanda zai je, ya daure ya kai ranar Lahadi, ya kuma fito tun da safe.